Yadda Ake Zana Ekinos na Ginshiƙin Doriya da Fitar da Shi da Filasta ko Siminti

A kan ginshiƙin salon Doriya, wanda shi ne mafi daɗewa a cikin salon gini uku da aka gada daga Girkawa, akwai sassa biyu da ido yake fara sauka a kansu. Na sama wani faifan dutse ne mai kusurwa huɗu da ake kira abakus, wanda linta take kwanciya a kansa. Na ƙasansa kuwa zagayayye ne, yana fitowa daga wuyan ginshiƙi yana buɗewa har ya tarar da bakin faifan, kuma shi ake kira ekinos. Girkawa sun ba shi sunan bushiyar teku, wata halitta mai ƙayoyi da take maƙale a duwatsun gaɓar Bahar Rum, domin idan ta mutu ƙayoyin suka zube, ƙwanson da ya rage zagayayye ne mai ɗan baje, kamar an danne shi daga sama. Aikinsa a gini shi ne aikin gammo: yana shiga tsakanin kaya da mai ɗauka, ya karɓi nauyi daga abu mai faɗi da kusurwa, ya tattara shi zuwa abu siriri zagayayye.

Ginshiƙan wannan salo sun cika barandar manyan gidaje da ofisoshi a Abuja da Kano da Kaduna, amma kaɗan ne daga cikinsu suke da kai mai kyau, kuma kusan kullum matsalar a ekinos take. Ko dai an sayo mazubin da aka yi domin ginshiƙi mai wani kauri daban aka ɗora, ko kuma birkila ya lailaya siminti da cokali yadda hannunsa ya ba shi. Ra'ayina shi ne lanƙwasar ekinos ita take nuna ko ginshiƙi yana ɗauke da kaya ko kuwa an jingina shi ne kawai, saboda haka ba a barin ta ga sa'a. Ana lissafa ta daga kaurin ginshiƙin, a zana ta da cikakken girmanta, a yanka wuƙar siffa guda ɗaya, wato fallen ƙarfe da za a zagaya da shi ya fitar da ita, sannan a taɓa filasta.

Fara da zaɓen zamani

Kafin a ɗauki fensir sai an yanke shawarar irin ekinos da ake so, domin siffarsa ta yi ta sauyawa cikin ɗaruruwan shekaru, har masu binciken kayan tarihi suna iya kimanta shekarun haikali daga lanƙwasarsa kaɗai. A tsofaffin haikalai, irin haikalin Hera na farko a Paestum da ke kudancin Italiya, wanda aka gina wajen shekara ta 550 kafin Miladiyya, ekinos yana da faɗi ƙwarai, ya baje ya kumbura, ya yi nesa da wuyan ginshiƙi kamar nauyin da ke kansa ya matse shi. Bayan ƙarni ɗaya, a haikalin Parthenon na birnin Atina, wanda Iktinos da Kallikrates suka tsara aka gina tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya, lanƙwasar ta ɗaure: tana tashi kusan a miƙe a karkace, sai dab da abakus ta yi saurin juyawa ta koma ciki kaɗan. Daga baya ta ƙara miƙewa ta ƙanƙance, har Rumawa suka mayar da ita rubu'in da'ira wanda kowa zai iya zanawa da kamfas, kamar yadda ake gani a hawan ƙasa na gidan wasan Marcellus a birnin Rum.

Akwai wuri ɗaya da ake ganin wannan sauyi a jere, wato haikalin Hera a Olimpiya da ke ƙasar Girka. Da katako aka fara yin ginshiƙansa wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, kuma duk wanda ya lalace sai a maye gurbinsa da na dutse bisa yayin zamanin da aka yi gyaran, shi ya sa kawunansu ba su yi kama da juna ba. Matafiyin nan Pausanias, da ya ziyarci wurin a ƙarni na 2 Miladiyya, ya rubuta cewa ya tarar da ginshiƙi ɗaya na itace yana nan tsaye a ɗakin baya.

Ga mai ginin gida a yau, zaɓi biyu ne masu ma'ana, na Rumawa da na Atina. Na Paestum yana buƙatar gajeren ginshiƙi mai kaurin gaske, wanda zai cinye baranda. Na Rumawa ya fi sauƙi, kuma ya dace da ginshiƙi mai ɗan tsayi wanda aka yi wa gindi. Na Atina ya fi kyau a idona nesa ba kusa ba, amma yana da sharaɗi: ginshiƙin ya zama kakkaura, ba shi da gindi, yana tashi kai tsaye daga daɓe. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗora kan Atina a kan siririn ginshiƙi mai gindin Rumawa.

Lissafin awo

Tsarin gini na Girkawa da Rumawa ba ya farawa da santimita, yana farawa ne da ma'auni guda da ake ɗebowa daga jikin ginshiƙin kansa. Vitruvius, maginin Rum da ya rubuta littafinsa na gine-gine a zamanin sarki Augustus, ya ɗauki rabin kaurin ginshiƙi a ƙasa a matsayin wannan ma'auni. A ƙa'idarsa ta salon Doriya, tsayin ginshiƙi har da kansa ma'auni 14 ne, tsayin kan ma'auni ɗaya, faɗinsa kuwa ma'auni biyu da kashi ɗaya cikin shida. Sannan ya raba tsayin kan gida uku daidai: na sama abakus, na tsakiya ekinos tare da zobban da ke ƙarƙashinsa, na ƙasa wuya. Game da ramewar ginshiƙi daga ƙasa zuwa sama, ya ce wanda bai wuce ƙafa 15 ba a raba kaurinsa na ƙasa gida shida, a ba saman gida biyar.

Saboda haka sai ka auna tazarar da ke tsakanin daɓe da ƙasan linta, ka raba ta gida 14. A ce ka sami santimita 252. Ma'auninka ya zama 18, kaurin ginshiƙi a ƙasa 36, a wuya 30, tsayin kai 18, kowane kashi na kan 6, faɗin abakus kuma 39 ta kowane gefe. Idan tazarar 294 ce, ma'aunin 21 ne, sauran lissafin duk ya bi shi. Wanda yake son ginshiƙi mai ɗan ƙarin siranta yana iya bin Vignola, maginin Italiya da ya fitar da ƙa'idojinsa a 1562, wanda ya ba ginshiƙin Doriya ma'auni 16 a maimakon 14.

Vitruvius bai fayyace yadda za a raba kashin tsakiya tsakanin ekinos da zobba ba, don haka ga rabon da nake ba da shawara a kan misalin santimita 252. A ba zobba uku milimita 8 kowanne a tsaye, kowanne ya ɗara na ƙasansa fitowa da milimita 2, wato sun ci santimita 2.4 a tsaye da milimita 6 a kwance. Saura santimita 3.6 na ekinos, kuma tun da rubu'in da'ira ne, fitowarsa ma 3.6 ce. Daga tsakiyar ginshiƙi, wuya yana kan 15, zobba sun kai 15.6, ekinos ya ƙare a 19.2, bakin abakus kuma yana kan 19.5. Waɗannan milimita 3 da suka rage suna da amfani, domin su ne suke jefa siririyar inuwa tsakanin sassan biyu. Idan ekinos ya wuce bakin abakus ko da kaɗan ne, kan ya lalace.

Na Atina lissafinsa daban ne. Ginshiƙan waje na Parthenon suna da tsayin mita 10.43 da kaurin kusan mita 1.9 a ƙasa, wato tsayin ya ninka kauri sau biyar da rabi. A tazarar santimita 252 wannan yana ba da kauri kusan 46 a ƙasa. Awon aiki da zai kusanci kamannin shi ne wuya 36, abakus mai faɗin 48 da tsayin 8, ekinos da zobba 8, wuya 4 a tsaye. A lura da yadda wuyan ya gajarta, ekinos ya sami wuri.

Zanen lanƙwasa da cikakken girma

Nemi falle na kwali mai ƙarfi ko farin katako mai santsi, ka ja layi a tsaye wanda zai tsaya a matsayin tsakiyar ginshiƙi. Duk awon kwance daga wannan layi za ka ɗauke shi, kuma rabin kan kawai za ka zana. Kada ka yarda da ƙaramin zane da za a faɗaɗa daga baya, domin kuskuren rabin milimita a ƙaramin zane yana zama abin da ido yake gani a jikin gini. Su ma magina na dā haka suka yi. A 1979 wani mai bincike Bajamushe, Lothar Haselberger, ya gano siraran zane-zane da aka karce a bangon haikalin Apollo na Didyma, a yammacin Turkiyya ta yau, kuma a cikinsu akwai siffofin sassan ginshiƙai da maginan suka tsara a jikin bangon kafin su sassaƙa dutse.

Na Rumawa ba ya ɗaukar lokaci. Ka sa ƙafar kamfas a layin ƙasan abakus, a nisan santimita 15.6 daga tsakiya, ka buɗe shi 3.6, ka ja rubu'in da'ira daga saman zobe na uku zuwa ƙasan abakus. Shi ke nan.

Na Atina shi ne mai buƙatar natsuwa, domin kamfas ba ya iya fitar da shi. Francis Penrose, maginin Ingila da ya auna Parthenon dalla-dalla ya buga sakamakon a 1851, ya nuna cewa lanƙwasoshin ginin an tsara su ne da gangan, kuma ta ekinos ba yankin da'ira ɗaya ba ce, ƙarfinta yana sauyawa daga ƙasa zuwa sama. Ga hanyar da ake samun mai kama da ita da rula kaɗai.

Da farko ka ba zobba santimita 1.5 a tsaye, su fito da santimita 1 daga wuya. A nan zobban ba matakala ba ne irin na Rumawa, siraran tsagogi ne masu kaifi, daga uku zuwa biyar, da suke bin karkatar ekinos ɗin. Inda suka ƙare, a nisan 19 daga tsakiya, ka sa ɗigo na farko. Daga shi ka haura santimita 5, ka fita santimita 5, ka sa ɗigo na biyu a nisan 24. Layin da ya haɗa su yana karkace da digiri 45. Ɗigo na uku yana kan layin ƙasan abakus, santimita 6.5 sama da na farko, a nisan 23.5 daga tsakiya. Ka haɗa na farko da na biyu, ka haɗa na biyu da na uku, ka sami dogon layi da gajere da suka haɗu a kusurwa.

Yanzu ka raba dogon layin gida shida daidai, ka lambata rabe-raben 1 zuwa 5 kana tafiya daga ɗigo na farko zuwa kusurwa. Ka raba gajeren shi ma gida shida, ka lambata 1 zuwa 5 kana tafiya daga kusurwa zuwa ɗigo na uku. Ka haɗa 1 da 1, 2 da 2, har zuwa 5 da 5, da fensir mai tsini. Za ka ga layukan sun giggitta juna sun bar wata lanƙwasa a cikinsu, wadda take tashi kusan a miƙe daga ƙasa, ta yi ta ƙara lanƙwashewa har ta juya da sauri a sama ta ɗan koma ciki. Ka bi ta da hannu, ko ka lanƙwasa siririn langalanga a kanta ka ja layi. Wurin da ya fi fitowa zai faɗo kusa da santimita 23.5, wato rabin santimita kafin bakin abakus.

Kafin ka wuce, ka yanke kwalin, ka ɗaga shi sama da kanka a gaban farin bango, ka ja da baya ka duba. Daga ƙasa ake kallon kan ginshiƙi, kuma lanƙwasar da ta yi kyau a kan tebur tana iya zama ragwaɓaɓɓiya idan an hango ta daga ƙasa. Idan ta yi kumburi da yawa, ka ɗaga ɗigo na biyu sama kaɗan. Idan ta bushe ta zama kamar layi miƙaƙƙe, ka sauko da shi. Wannan gyara na kwali ba ya cin komai, amma bayan an zuba siminti babu shi.

Yanka wuƙar siffa

Wuƙar siffa falle ne na ƙarfe da aka yanke wa bakinsa kishiyar siffar da ake so, ta yadda idan aka zagaya da shi a jikin ɗanyen filasta zai kankare abin da ya yi yawa ya bar siffar. Ka nemi fallen ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai kaurin kusan milimita 1, wanda bai yi tsatsa ba. Ka ɗora zanen a kansa tun daga wuya har ƙasan abakus, ka karce layin da tsinin ƙusa, ka yanke da almakashin ƙarfe kana barin milimita ɗaya a wajen layi, sannan ka cinye ragowar da magagari har ka sauka a kan layin daidai. Zobba suna buƙatar ƙaramin magagari mai kusurwa. Ka goge bakin da samfefa mai laushi, ka bi shi da ɗan yatsa: duk ƙaramin tsagi da yatsa ya ji zai fito a matsayin layi da ya zagaye kan gaba ɗaya.

Ƙarfen shi kaɗai zai lanƙwashe, don haka kafinta zai yanko katako mai kaurin santimita 2 mai irin siffar, amma bakinsa ya ja baya da milimita 3 zuwa 4 daga bakin ƙarfen, a fiƙe shi ta baya domin filasta ya sami hanyar zubewa. A kafe ƙarfen a jikinsa da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa.

Juya samfuri a kan tebur

A kife ake yin samfurin, faɗinsa a ƙasa, wuyansa a sama. Ana buƙatar tebur mai santsi wanda aka daidaita da lebul ta kowane ɓangare, kuma a tsakiyarsa a kafa sandar ƙarfe zagayayya mai santsi, mai kaurin kusan milimita 12, a tsaye cak. Idan sandar ta karkata ko da kaɗan, gefe ɗaya na ekinos zai fi ɗaya tsayi. Katakon wuƙar za a miƙa shi ya kai sandar, a yi masa rami ko maɗauri na ƙarfe a sama da ƙasa wanda zai riƙe ta ba tare da girgiza ba, ɗaya ƙarshen kuma a yi masa ƙafa mai faɗi da za ta riƙa zamewa a kan tebur. Ka auna daga tsakiyar sanda zuwa bakin wuƙa a daidai wuya, ka tabbatar ya yi daidai da zane, 15 ko 18 bisa salon da ka zaɓa.

Tun da kan zai rungumi ginshiƙin kankare ne, sai a bar masa rami a tsakiya. Ka sa guntun bututun roba, ko ka naɗe kwali mai ƙarfi, wanda ya fi kankaren faɗi da kusan santimita 1 ta kowane gefe, ka tsayar da shi a kewayen sandar ƙasa da hannun wuƙa. Ka shafa wa tebur da bututun man girisi ko ruwan sabulu mai kauri.

Filastan da ake nufi a nan shi ne garin da masu silin POP suke aiki da shi. Ana barbaɗa gari a cikin ruwa ne, ba a zuba ruwa a kan gari, kuma awon da aka saba shi ne ruwa kashi 70 ga gari kashi 100 a nauyi. A bar shi ya jiƙa minti ɗaya ko biyu kafin a gauraya. Kwaɓin farko a yi shi da ɗan kauri, a cusa masa zaren da masu silin suke ƙarfafa aikinsu da shi, a tara shi a kewayen bututu har ya rage kusan rabin santimita ya taɓa wuƙa. Daga nan sai a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan ana zubawa ana zagayawa da wuƙar, kullum ta fuska ɗaya, gefen ƙarfe a gaba, ana danna ƙafarta a kan tebur.

Abu biyu ne suke ɓata wannan mataki. Na farko, filasta yana ɗan kumbura yayin da yake kamawa, don haka idan ka tsaya hutawa wuƙar za ta cije ta riƙa tsalle tana barin tabo. Sai ka ci gaba da zagayawa har kwaɓin ya kama. Na biyu, busasshen filasta da ya manne a bakin wuƙa yana karce aikin, shi ya sa ake wanke ta bayan kowane zubi, a share tebur inda ƙafarta take bi. Zubin ƙarshe a yi shi ruwa-ruwa, a cike ƙananan ramuka, a zagaya sau biyu ko uku. Idan an yi daidai, bakin zobba zai fito da kaifi, jikin ekinos kuma ya yi santsi ba tare da an sa samfefa ba. Gara ma kada a sa ta, domin tana kashe kaifin da aka sha wahala a kansa.

Abakus ba ya buƙatar wuƙa. Akwatin katako ne mai kusurwa huɗu daidai, da ramin kankare a tsakiya, kuma a tabbatar da kusurwoyinsa ta hanyar auna layukan da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, su zo daidai da juna.

Idan jikin ginshiƙin zai sami tsagogi a tsaye, adadin da aka saba a salon Doriya 20 ne, kowanne ya ci digiri 18, marasa zurfi, suna haɗuwa da juna a baki mai kaifi. A salon Girkawa tsagogin suna haurawa ta wuya su mutu a ƙarƙashin zobba, saboda haka a jikin samfurin ake sassaƙa su tun filasta bai gama bushewa ba. Girkawa ma a jikin dutsen kai da dutsen ƙasa kawai suke fara tsagogin kafin a ɗora, sai an tsayar da ginshiƙi a haɗa sama da ƙasa. A haikalin Nemesis na Rhamnous da ke ƙasar Girka, wanda ba a kammala ba, an bar ginshiƙan a haka.

Daga samfuri zuwa siminti

Idan ginshiƙin na cikin falo ne, samfurin filasta ya isa a raba shi biyu da zarto mai ƙananan haƙora a manna shi. Na waje kuwa ba zai yiwu ba, domin ruwa yana cin wannan filasta sannu a hankali, damina biyu ko uku sun isa su lalata zobban. Sai a ɗauki mazubi daga samfurin. A bar shi ya bushe sarai, a shafe shi da banish ya toshe ƙofofinsa, a shafa kakin raba mazubi, sannan a lulluɓe shi da faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam mai daskarewa, a ɓangare biyu masu leɓe da za a ɗaure da kusoshi masu noti. Mazubi ɗaya zai fitar da kawunan gidan duka iri ɗaya, wanda shi ne babban dalilin wannan wahala.

Kwaɓin zubi shi ne siminti kashi ɗaya, yashi mai kaifi da aka tankaɗe kashi biyu, da ruwa daidai gwargwadon da zai sa ya shiga lungunan zobba. Yawan ruwa yana kawo tsagewa da raunin baki. A sa ragar waya a tsakiyar kaurin, kada ta kusanci fuska da ƙasa da santimita 1.5 saboda tsatsa, a raba zubin gida biyu da siririn falle domin a sami rabi biyu da za su rungumi kankare. A riƙa bubbuga mazubin da guduma ta katako har kumfar iska ta daina tasowa. Bayan kwana biyu a kwance mazubi a hankali, a rufe aikin da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ana yayyafa masa ruwa aƙalla kwana 7. A lokacin hunturu wannan ya fi zama dole, domin busasshiyar iska tana janye ruwan fuska kafin siminti ya kama, sai ka ga bakin zobba yana marmashewa a hannu.

Wanda yake da ginshiƙi ɗaya ko biyu kacal yana iya tsallake mazubi ya juya siminti a jikin ginshiƙin kai tsaye, ta hanyar kafa zoben katako a sama da wani a ƙasa domin wuƙar ta bi, a yi shafi uku a kwana uku. Aikin yana yiwuwa, amma kaifinsa ba ya kai na zubi.

Ɗorawa

Wannan kai ado ne, ba shi yake ɗauke da linta ba. Nauyin gini yana kan kankare da rodin da injiniya ya tsara, kuma ba a rage kaurinsu domin kai ya shiga. Idan kankaren ya fi wuyan da lissafi ya bayar, sai a sake lissafin daga kauri mafi girma. A bar 'yar tazara ta milimita kaɗan tsakanin saman abakus da linta, a cike ta da kwaɓi mai laushi, domin kada motsin gini ya sauka a kan adon ya fasa shi.

A jiƙa kankaren, a farfasa fuskarsa kaɗan domin ya kama, a haɗa rabi biyun a ɗaure wayoyinsu, a cika ramin da ke tsakani da kwaɓi. Mahaɗin ya kasance ta gefe, ba ta fuskar da mai shigowa yake kallo ba. A sa lebul a saman abakus ta ɓangare biyu, a saki igiyar awo daga tsakiyar kowane gefensa a tabbatar tazararsa da jikin ginshiƙi ɗaya ce ko'ina, sannan a ja zare daga ginshiƙin farko zuwa na ƙarshe domin bakunan abakus su hau layi ɗaya.

Saura faɗin linta. A ƙa'idar Vitruvius, faɗin ƙasan linta daidai yake da kaurin wuyan ginshiƙi, wato santimita 30 a misalinmu na Rumawa, ta yadda abakus zai fito da santimita 4.5 gaba da baya. A salon Atina linta tana ɗan wuce wuya, amma ba ta kai bakin abakus ba. Idan lintar da aka riga aka zuba ta fi haka siranta, a ƙara mata kauri da shafe. Idan ta fi abakus faɗi, to ginshiƙin ne ya yi ƙanƙanta, kuma gyaran yana can wajen lissafin farko. Game da fenti, a jira siminti ya cika kwana 28, a yi amfani da marar ƙyalli, shafi biyu marasa kauri, kuma a bi tsagogin zobba da ƙaramin buroshi a kwashe abin da ya taru a ciki kafin ya bushe.